Ranar Da Na'imatu Ta Cire Safar Hannu

"Sake dubawa, Oga Philemon... Don girman Allah sake dubawa!"

Na'imatu ce ke roƙonsa. Idonta na kan kwamfutar da ke haɗe da sabon injin ɗakin gwaji, inda sunaye biyu suka fito da jan rubutu.

Na sama na Dada ne, mahaifiyar Munzali, saurayin da saura wata biyu a ɗaura musu aure.

Na ƙasa nata ne.

Philemon, shugabansu a ɗakin gwajin, ya zare tabarau. Da Hausarsa ta Mubi wadda ba ruwanta da mace ko namiji ya ce, "Na'ima, sau biyu na sa. Ƙwayan da yake ƙafan Mama, irinsa ne a hancinka. Maganin da ya ƙi ji can, shi ya ƙi ji nan."

Wata huɗu ke nan da kawo injin wannan asibiti mai zaman kansa da ke Sabon Layi. A da sai su shafa samfur a faranti da hannu, su yi kwanaki suna jira. Yanzu injin ne ke renon ƙwayar cutar, ya faɗi sunanta, ya jera magungunan da za su kashe ta. Shi ya gano cewa gyambon ciwon suga da ke ƙafar Dada ya kamu da ƙwaya mai taurin kai, magani bakwai cikin takwas ba sa taɓa ta. Nan take likita ya keɓe Dada a ɗaki guda, ya sa aka goga auduga a hancin kowane ma'aikaci, don lafiyayyen mutum kan yi yawo da ita bai sani ba.

Mutum talatin da ɗaya aka gwada.

Ita kaɗai ta fito da ja.

"Amma kai ba nas ba ne," in ji Philemon. "Yaushe ka taɓa ƙafansa?"

Na'imatu ta runtse ido.

Sati uku da suka wuce ta je gaishe da Dada a gida, tana fama da mura, tana ta sharce hanci da gefen mayafi. Ta tarar da ciwon ɗan ƙarami, bai kai faɗin farce ba. Ta ce bari ta wanke mata. Ta zaro safar hannu daga jaka, ta sa ɗaya ke nan sai Goggo Halimat, ƙanwar baban Munzali, ta tafa hannu.

"Lallai! Tun ba a shigo ba an fara ƙyamar uwar miji? Sumayyat ɗina da hannunta take wanke mata, ba ta mutu ba!"

Kowa ya san Goggo 'yarta take yi wa sha'awar Munzali.

Na'imatu ta saci kallon Dada. Dada ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba.

Sai kunya ta rufe ta. Ita da ta yi shekara biyar tana karatun ƙwayoyin cuta, ta zare safar ta cusa a jaka, ta kama ƙafar da hannu tsirara.

Da ta gama ba shi labari, Philemon ya rage murya.

"Ji nan, ƙanwata. Ba mai rantsewa wa ya ba wani, wataƙila ma shi ya ba ka. Ka shafa magani a hanci kwana biyar, ka kama bakinka. Daga ni sai dokta muka gani."

"Jiya fa a gabanka Munzali ya ci mutuncin Jessica, nas ɗin da ke kula da Dada, wai ita ta sa mata cuta. Tana da tsohon ciki, ta tsaya tana kuka... Ga shi nata ya fito fes."

"Aurenka fa?"

Ta cire farar rigar aiki ta rataye.

"In na yi shiru, da wane ido zan riƙa kallon ƙafar Dada kullum?"

*

A gindin darbejiyar harabar asibitin ta sami Munzali bayan la'asar. Daga kasuwar shanu yake, ko takalmi bai sauya ba. Goggo Halimat na gefe a kan tabarma, Sumayyat na zuba mata kunu.

Yana ganinta fuskarsa ta ɗan saki.

"Hasken idona... gara da kika zo. Likita ya ce gobe za a yanke mata yatsu biyu. Yatsu biyu, Na'ima! Wallahi in na tabbatar matar nan ce..."

"Ba ita ba ce."

"Kin gwada?"

"Injin ya gwada mu duka. A jikin mutum ɗaya aka samu." Ta ɗago ta dube shi. "Ni ce, Munzali."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba.

"Daina irin wannan wasan, ƙalbina."

"A hancina take. Ban san ina ɗauke da ita ba. Ranar da na wanke mata ƙafa ban sa safa ba..."

"Innalillahi!" Goggo ta miƙe har kunu na zubewa. "Ba na faɗa ba? Mai wuni tana jagwalgwala majina da fitsarin mutane, me za ta kawo mana in ba cuta ba? Ta nakasa maka uwa tun kafin lefe!"

Na'imatu ba ta ko dube ta ba. Shi take kallo.

"Kin sani," ya ce a hankali. "Ke kin fi kowa sanin ba a taɓa ciwo haka."

"Na sani."

"To me ya sa?"

Ina za ta iya nuna goggonsa da yatsa a gaban mutane?

"Laifina ne. Ka je ka ba Jessica haƙuri."

Ya daɗe yana kallonta, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Sannan ya juya ya fita ƙofa, ya tare keke napep ya shige.

Ko waiwaye bai yi ba.

*

Kwana goma sha ɗaya ba kira, ba saƙo.

Ta shafa maganin kwana biyar a gida. Aka sake gwada ta, injin ya ce ta rabu da ƙwayar. Amma labari ya riga ya zaga Sabon Layi, har maƙwabciyarsu ta hana 'ya'yanta shan ruwa a gidansu. Ta ji an ce Goggo ta sa an kulle akwatunan lefe a ɗaki.

Abin da ya rage mata shi ne sakamakon Dada. Duk samfurin da aka kawo, ita ke fara tsayawa gaban injin, tana addu'a a zuci. Maganin nan na takwas yana aiki. Ciwon ya tsaya a yatsu biyu, bai haura ba.

A rana ta goma sha biyu da hantsi Jessica ta leƙo.

"Amarya, Mama na kiranki."

"Wace amarya kuma, Jessica?"

"Ke dai taho."

Dada na kishingiɗe, ta rame, ƙafarta naɗe da bandeji. Munzali na tsaye jikin taga. Goggo na kan kujera ta haɗe rai.

Na'imatu ta durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Dada, ki yafe..."

"Yi shiru, 'yata. Yau ni ce da magana." Ta juya ga ɗanta. "Munzali, ta sa safar. Da idona na gani. Halimat ce ta yi mata gori ta cire."

"Yaya, ni fa..." Goggo ta fara.

"Ban gama ba. Halimat ta yi magana, amma ni na yi shiru. Likitan suga ya sha gaya min kar a taɓa min ciwo da hannu. Na sani sarai. Sai dai a raina na so in gani... ko yarinyar nan mai boko za ta iya taɓa ni." Hawaye ya gangaro mata. "Ta taɓa ni. Shirun nan nawa shi ya ci min yatsu. Ita kuma da ta yi shiru, da ba wanda zai taɓa sani."



Goggo ta suri jakarta ta fice.

Munzali ya tako, ya durƙusa shi ma a gaban Na'imatu, muryarsa a dashe.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Goggonka ce."

"Kwana goma sha ɗaya na bar ki ke kaɗai da bakin mutane... Na ba Jessica haƙuri tun washegari, amma na kasa haɗa ido da ke. Na'ima, in kin ce kin fasa, ba ni da ta cewa."

Kuka ya ƙwace mata.

"Ka yi min ciwo, Munzali."

"Na sani, rayuwata. Na sani."

"Kada ka ƙara juya min baya ina magana."

"Har abada."

Dada ta share ido da bakin ɗankwali.

"To ku tashi haka nan, kun cika min ɗaki da kuka. Jibi za a kai lefe. Munzali, miƙo mata kwalin can."

Ya ɗauko kwalin safar hannu daga kan tebur, ya riƙe mata da hannu biyu. Ta zaro, ta sa ta dama, ta sa ta hagu.

Dada ta turo mata ƙafar mai yatsu uku a hankali.

"Yauwa. Yanzu zo ki duba min, 'yata."