Sassaƙen Ararrabin Dutsen Kurma

Ku matso kusa, ku rage murya. Wanda ya san zai yi kuka ya tafi wajen uwarsa tun yanzu.

A ƙauyen da ke gindin Dutsen Kurma an yi wata mata, Tasalla, matar Malam Barmo mai saƙar tabarma. 'Yarsu ɗaya tal, Hansai, ta zo gida haihuwar fari. Ta sauka lafiya. Kwana huɗu, sai zazzaɓi ya kayar da ita. Jiki kamar garwashi. Nono ya ɗauke, jariri na ta tsala kuka. Mota ba ta shigowa ƙauyen sai ranar kasuwa, saura kwana biyar. Ungozoma ta taɓa goshinta, ta girgiza kai.

"A samo sassaƙen ararrabi. Ɗanye. Yau ɗin nan."

Shi ararrabi ba ya fitowa a gona. Sai kan dutse, inda ba ƙasa ba ruwa, ya cusa saiwarsa cikin tsaga ya zauna. Malam Barmo ya tafi yankan kaba tun asuba. Tasalla ba ta jira shi ba. Ta ɗauki ƙaramin gatari ta fita, rana na tsaka, lokacin da ko akuya ba ta hawa dutsen.

Na ƙasa-ƙasa duk masu neman magani sun feɗe su. Sun bushe a tsaye, fari fat. Ta ƙara hawa. Ta wuce tinya mai ƙaya, ta wuce kariya da jajayen furanninta, ba ganye ko ɗaya. Zafin dutse na ratsa takalminta. Ba tsuntsu, ba iska.

Can sama, a kan wani shimfiɗaɗɗen fa, ta ga ararrabi guda ɗaya mai rai. Ba ta yi sallama ba, ba ta yi bisimilla ba. Hankalinta na kan 'yarta. Ta sara, ta sake sara. Ta ce kada ya kasa, ta bi jikinsa ta zagaye shi kaf.

"Sannu da aiki."

Ba ta kunne ta ji muryar ba. Ta tafin ƙafarta ta hau.

Ta waiwaya. Wata tsohuwa ce zaune, 'yar ƙarama, da ludayi a hannu, tana ɗiga ruwa cikin tsagar dutse, ɗigo ɗaya, ɗigo ɗaya. Tasalla ta sunkuyar da kai za ta gaishe ta, sai idonta ya faɗa kan ƙafafun tsohuwar. Yatsun dogaye ne, sun rarrabu, sun shige cikin tsagar har ba a ganin ƙarshensu.

"Shekara arba'in ina shayar da shi," in ji tsohuwar. "Kin gama da shi kafin tukunya ta tafasa."

"Iya, 'yata ce ba lafiya."

"Shi ma ɗan wata ne."

"Ki yi mini rai, Iya."

"Ba shi da ƙafar gudu. Ba shi da bakin roƙo. Tsaya a wurinsa ki ji."

Tasalla ta ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi. Gatarin ya faɗi. Hannuwanta suka miƙe sama suka sandare. Ta nemi addu'a, duk wadda ta iya tun tana yarinya, harshe ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Ido kaɗai aka bar mata.

Da ma an rufe idon. Daga nan tana hango gidanta sarai, ga rufin ɗakin Hansai, ga mata na shiga suna fita. Duk wanda ya fito sai ta duba ko makara aka ɗauko. Rana ta gasa ta har ta faɗi. Tururuwa ta bi jikinta ta hau, ta sauko. Ƙadangare ya kwanta mata a kafaɗa. Da gari ya waye tsohuwar ta ɗiga mata ruwa a ƙafa. Ɗigo ɗaya.

Ranar nan mutanen gari suka hawo nema, suna kiran sunanta. Suka zo dab da ita. Wani har ya jingina da ita yana share gumi. Ta ƙwalla ihu da dukan ƙarfinta. Ganye biyu suka motsa. Malam Barmo ya tsinci gatarin a gabanta, ya juya shi, ya duba gabas ya duba yamma, ya ce, "Nan ta zo." Suka sauka suka bar ta.

Rana ta uku ya dawo shi kaɗai, da gatarin da gorar ruwa. Idonsa ya faɗa. Ya bi itatuwan ɗaya-ɗaya, duk matattu. Ya zo ya tsaya a gabanta, ya shafa jikinta.

"Alhamdu lillahi. Ga mai rai."

Ta gane abin da zai yi. Ba hanyar da za ta ce masa ita ce.

Ya cire takalmi. "Salamu alaikum, masu wuri. Ku yi haƙuri da ni. Matata ta ɓace, 'yata ba ta gane mutane. Kaɗan zan ɗiba."

Ya yi bisimilla, ya ɗora gatarin a damtsenta na dama. Ta ji shigar ƙarfen. Ta ji ya zare fatar a hankali, daidai faɗin tafin hannunsa. Ba ta da bakin kuka. Wani farin ƙaro ya tsattsafo, shi ke nan. Ya wanke wurin, ya juye sauran ruwan gorar a gindinta, bai sha ko kurɓi ba, ya juya ya sauka.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ruwan yana shigewa cikin tsaga.

"Wannan ya san gaisuwa," ta ce. "Tafi."

Tasalla ta zube a kan fa. Da rarrafe ta sauko. Ana kiran magariba ta shigo gida, leɓe a tsattsage, jini ya bushe a hannun rigarta. Ta tarar da tukunya a kan murhu tana tafasa, ƙamshin ararrabi ya cika gidan. An riga an ba Hansai ta sha. Gumi ya karyo mata, ga jariri a ƙirjinta yana tsotso.

Mata suka yi ta salati. Malam Barmo ya taso da fitila. Ya ga damtsen. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga tafin hannunsa ya ɗora kusa da ciwon. Daidai, ba ragi ba ƙari.

Bai tambaye ta ba, ita ma ba ta faɗa ba. Har ya bar duniya bai sake riƙe gatari ba, kuma bai ƙara iya kallon wannan hannun nata ba.

Dutsen yana nan, kun san shi. Kada wanda ya hau shi shi kaɗai, balle da tsakar rana. In kuwa dole ta kai ku, kuka ga itace ɗaya tsaye a kan fa, ku yi sallama tukun. Ba ku san ko wace ce ba.