Mataccen Kifi a Bakin Gandu

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Zaidu waya daga asibitin Wara. Kafin ya ƙarasa an riga an lulluɓe gawar wani tsohon masunci mai suna Tamada. A ɗakin yara gadaje sun ƙare, an shimfiɗe wasu a tabarma, sai amai suke, yawu na dalala, jiki na karkarwa.

Dakta Fauziyya ta tare shi a baranda, gumi ya jiƙa mata hijabi.

"Guba ce, Sufeto. Duk daga Tungar Kanya aka kawo su, kuma duk sun ci kifi da safe."

"Wace irin guba?"

"Abin da nake roƙonka ke nan. Maganin feshi ne, amma iri-iri ne, kowanne da makarinsa. Lalube nake yi. Ka nemo min galan ɗin, ko da murfinsa ne, kafin yaran nan su fara bin tsohon."

Wata mata na zaune tana yi wa ƙaramar 'yarta fifita. Zaidu ya durƙusa ya tambaye ta inda suka samu kifin.

"Bisa ruwa muka tsince shi, Yallaɓai, bakin rafin da ka fitowa daga gandun Malam Bashir. Mun ɗauka rabo ne Allah ya koro muna." Ta girgiza yarinyar. "Hawwa! Buɗe ido ki ga Inna."

Yarinyar ba ta motsa ba.

Zaidu ya tura Sajan Benjamin kasuwa da umarnin a hana sayar da kowane kifi, ɗanye ko banda. Shi kuma ya ja mota ya nufi bakin tafki.

Babu wanda bai san gandun Malam Bashir ba a ƙasar Ngaski. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Da ya bar aiki sai ya tattara abin da ya mallaka ya sayi fili mai faɗi a gaɓar tafkin Kainji, ya zagaye shi da waya, ya haramta gatari da taru da bindiga. A waje ƙasa ta zama fako. A ciki kuwa maɗobiya da ƙirya na tsaye, birai na tsalle, gada na kiwo, ga garken dorina a rafin da ya ratsa tsakiya.

Yau wari ne ya tarbi Zaidu. Karfasa da tarwaɗa sun juya ciki sama, sun rufe rafin fari fat. Belbelu sun zube a cikin ciyawa, wata gauraka na jan fiffike a taɓo.

Malam Bashir na tsaye a gaɓa, wandonsa jiƙe har gwiwa. Sai goge ido yake da gefen rawani, yana tofar da yawu.

"Sun kashe ni, Sufeto. Abin da na raina tun da sauran ƙarfina, dubi."

"Su wa, Baba?"

"Makiyaya mana. Jabir ya sha yanke min waya. Na hana shi ciyawar fadama, ya ce zan gani."

Zaidu ya bi gaɓa a hankali. A cikin ruwa marar zurfi ya hango wani abu ja. Ya janyo shi da sanda: kabewa ce, an fafe ta, an maida murfin an soke da tsinke. Yana ɓarawa wani ruwa fari kamar madara ya tsiyayo, warinsa ya hau masa kai. Can gaba ga wasu na lilo.

"Ka taɓa ganin waɗannan?"

"Ban taɓa ba."

Rugar Jabir ba nisa. Zaidu ya same shi tsugune gaban karsana biyu da suka kumbura.

"Ka shiga gandu jiya?"

"Ni? Rabona da wurin tun damina."

"To a ina shanunka suka sha ruwa? Malam Jabir, akwai yara kwance a asibiti, ba ni da lokacin zagaye-zagaye."

Jabir ya dubi shanun, ya sunkuyar da kai.

"Na shiga da asuba. Kiwo ya ƙare ko'ina, can kaɗai ciyawa ta rage. Amma Yallaɓai, mutum shi zuba guba sannan shi kai dabbobinai su sha?"

"Makiyayi ba ya noma kabewa, na sani. Wa ke nomanta a nan?"

"Ladi. Wadda dorina ta kashe wa miji a gonar shinkafa. Ita ta rantse gaban jama'a sai ta ga bayan dabban nan."

Wayar Zaidu ta yi ƙara a hanya. Dakta ce. An ƙara kawo wasu, numfashin Hawwa kuma ya fara sarƙewa. Ya ce mata yana kusa, alhali bai san ko kusan yake ba. Ya taka mota har tana tsalle a kan burji.

Gonar Ladi na jingine da wayar gandu. Shinkafar ta kwanta, manyan sawu sun dagargaza kunyoyi. Ita kuwa tana bakin bukka da goyo.

"Baiwar Allah, ina kabewarki?"

"Ban yi kabewa ba bana."

Zaidu ya zagaya bayan bukkar. Yaɗon kabewa ya mamaye danga, ga guntayen karan da aka yanke 'ya'yan daga jiki, ruwansu bai gama bushewa ba. Ya tsinko ɗaya ya ajiye a gabanta.

"Tamada ya rasu. Idan yarinya ta bi shi, ke za a fara tuhuma, kuma ba ni da abin da zan kare ki da shi."

Ladi ta ɗora hannu a ka.

"Wallahi ba ni ba ce! Ba da su na yi."

"Wa kika ba?"

"Ya ce kada in faɗa. Bayan sadakar maigidana mutanen tunga sun yi taro, sun ce in dorinar ta ƙara fitowa za su cinna wa gandun wuta gaba ɗai. Shi ne ya zo da kansa, ya zauna nan, ya ce in kwantar da hankalina, ba za ta ƙara taka gonata ba. Ya loda kabewa a kwale-kwale ya tafi."

"Shi wa?"

"Malam Bashir."

Sai a lokacin Zaidu ya gane abin da ya gani da hantsi. Hawayen nan da yawun nan ba na baƙin ciki ba ne kaɗai. Irin na yaran asibiti ne.

La'asar ta yi lokacin da ya koma gandu. Ya tarar da tsohon zaune gindin wata kanya, hannuwansa na rawa.

"Baba, miƙo hannunka."

Fatar ta yi ja, ta saɓule tsakanin yatsu.

"Da hannu ka tsamo kifin, ko? Kana son ka kwashe kafin gari ya waye. Ladi ta faɗa min komai. Ina galan ɗin?"

"Ƙarya take..."

Zaidu ya durƙusa gabansa.

"Ba a matsayin ɗan sanda nake tambayarka ba yanzu. Akwai yarinyar da ba ta kai shiga makaranta ba, tana shure-shure. Don girman Allah, Baba, ina galan ɗin?"

Tsohon ya dubi rafin. Sannan ya nuna wata sabuwar ƙasa a bayan kanyar. Zaidu bai nemi fartanya ba, da yatsu ya tona. Ya goge takardar jikin galan ɗin da rigarsa, ya ɗauki hoto ya tura wa Dakta, ya bi da kira har sai da ta ce ta gani.

Malam Bashir ya fara magana ba tare da an tambaye shi ba.

"Dorina ɗaya na so in kashe, in tsira da sauran. Na kai kuka ofis-ofis a zo a ɗauke ta, kowa ya ce filinka ne, dabbarka ce. Ni kaɗai, ɗana. Waya tana tare mutum, ba ta tare dorina, ba ta tare ruwa. A kan hanyarta na jera kabewar, bisa tudu. Tafki ya ƙaru ya haɗiye su. Ita ko sansanawa ba ta yi ba."

"Da ka ga kifi ya fita, me ya hana ka ruga tunga ka yi shela?"

"Na ji tsoro. Na ce in suka sani, gandun ya tafi." Ya rufe fuska. "Na zaɓi itace na bar mutane. Rubuta haka."

Sajan Benjamin ya iso da wasu 'yan sanda. Ya ciro ankwa, Zaidu ya dubi hannuwan tsohon ya girgiza kai. Suka tallafe shi zuwa mota, asibiti tukuna, sannan caji ofis.

Suna hawa burji Dakta ta kira. Hawwa ta fara numfashi da kanta. Wani yaro kuwa, ɗan maƙwabtansu, ya cika kafin hoton ya iso.

Zaidu ya kashe wayar.

A mararrabar Tungar Kanya wasu masu gawayi na zaune a gefen hanya, gatura a kan cinya. Labari ya riga ya kai musu. Suka bi motar da ido har ta wuce, sannan suka miƙe suna karkaɗe riguna.

Malam Bashir ya juya yana kallonsu ta gilashin baya.

"Sufeto, ba za ka bar ko mutum ɗaya a gandun ba?"

"Filinka ne, Baba," in ji Zaidu a hankali. "Ba ni da mutumin da zan bari."