Katon Ɗin Shuɗiyar Ƙwaya

Ranar kasuwar Diffa ce, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Sufeto Khalilu Maina ya zauna ke nan zai sha furarsa a komisariya, ofishin 'yan sanda, sai waya ta yi ƙara. Madam Amatullahi ce, majo, wato shugabar ma'aikatan jinya ta wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyar gulbin Komadugu.

"Sufeto, an ɗauke mana katon guda na magani, da rana tsaka!"

Sufeto ya dubi furar da takaici, ya rufe ta da faifai, ya hau babur.

Ya tarar da Madam tsaye a ƙofar ɗakin ajiya, ta riƙe ƙugu. Mace ce gajera mai kaifin murya, wadda ko likitoci ke shakkarta.

"Wane irin magani ne?"

"Na rigakafin sida, wato ƙanjamau. Mai lafiya ke shan sa, ƙwaya ɗaya kullum, don kada ya kamu. Matar da mijinta ke ɗauke da cutar, ko mijin da matarsa ke da ita, da duk wanda rayuwarsa ta sa shi cikin haɗari. Kwalba sittin ne. Gobe zan kai su Bosso, mutanena na can sun kusa cinye nasu."

"An fasa kwaɗon?"

Ta sunkuyar da kai. "An kawo mai naƙuda, na ruga na bar mabuɗi a jiki. Wannan laifina ne."

"To, ba ni littafin sunayen masu karɓa. Wanda ya san magani shi ke sace shi."

"Littafin nan ko kwamishina bai ganin sa. Da na buɗe shi sau ɗaya, babu mai sake tako ƙofar nan."

Sufeto ya buɗe baki zai yi gardama, sai atishawa ta kufce masa, ɗaya, biyu, uku. Ya durƙusa, ya shafa ƙasa inda katon yake a da. Yatsansa ya fito ja da garin tattasai.

Ya nufi bakin ƙofa wurin maigadi, wani dattijo mai suna Kyari, wanda ya tarbe shi da gaisuwar Barebari.

"Wushe, wushe, ranka ya daɗe. Ni tun asuba ina nan, ko motsi ban yi ba."

"Ko motsi?"

"Ko ƙuda bai wuce ni ba."

"Baba Kyari, shinkafar da ke gemunka, ita ma nan ta same ka?"

Kyari ya share gemu da sauri. "Suna aka yi bayan layi. Na leƙa na yi barka, ɗan lokaci kaɗan."

"Kafin ka leƙa, wa ya shiga mai ƙanshin tattasai?"

"Sufyan direba. Ya shiga yana waige-waige kamar mara gaskiya."

A tasha Sufeto ya sami Sufyan, ana loda wa motarsa buhunan tattasai za shi Damagaram. Saurayi ne dogo, rigarsa ta yi ja da ƙura.

"Me ya kai ka asibiti yau?"

"Ciwon haƙori."

"Wanne? Buɗe in gani."

Sufyan ya nuna na dama, ya sake nuna na hagu, sannan ya ja Sufeto bayan mota, ya rage murya.

"Yallaɓai, matata na ɗauke da cutar. Tana shan nata maganin, ni kuma ina shan na rigakafi, muna zaman lafiya. Ko mahaifiyata ba ta sani ba. Awon jini na je yi, na karɓi kwalbata. Ga ta. Yaya zan saci abin da ake ba ni kyauta?"

Sufeto ya dubi ƙwayoyin, shuɗɗa ne, dogaye. Ya mayar masa.

"Maganar nan ta mutu a nan. Me Madam ta ce maka a ɗakin?"

"Abin da take faɗa kullum. 'Ka sha ɗaya kowace rana, ka je wa iyalinka ba fargaba.' Kuma ka san muryarta. Sai da na roƙe ta ta sassauta, don Alhaji Tsoho mai injin niƙan tattasai na zaune ƙarƙashin taga, yana jiran awon hawan jini."

Murmushi ya kama Sufeto. Ya koma gida ya tuɓe kaki, ya sa tsohuwar riga da rawani, ya shiga kasuwa yana ɗingishi.

Injin Alhaji Tsoho a kashe yake, ga kwanonin mata a jere ba mai kula su. A bayan rumfa kuwa dattawa huɗu ne a tsugune, kowa na kallon wani wuri dabam kamar ba tare suke ba.

Sufeto ya matsa, ya yi tari. "Alhaji, an ce kana da abin gyara."

Alhaji Tsoho, mai ƙiba da fara'a, ya kama hannunsa. "Ka zo gidan sa'a! Sabon shiga ne, daga Damagaram wani ɗan'uwana ya aiko. Ɗaya kullum, ka je wa iyali ba fargaba. Ɗan saba'in ya koma ɗan ashirin."

Ya ɗaga buhu, ya zaro kwalba. Sufeto ya juya ta, ga hatimin asibitin Madam a gindi. Ya kwance rawani a hankali.

"Ɗan'uwan naka na Damagaram, hatimin asibitinmu yake bugawa?"

Dattawan huɗu suka miƙe a tare, kowa ya tuna yana da uzuri.

"Ku dawo ku zauna," in ji Sufeto. "Babu mai kama ku."

Alhaji Tsoho ya zube kan buhu. "Yallaɓai, sharrin kunne ne. Na ji abin da ta gaya wa yaron nan, na ga kuma ƙwayar shuɗiya ce, sai na ɗauka maganin maza ne suke ɓoye wa tsofaffi. Na ga mabuɗi a ƙofa, maigadi ba ya nan, na cusa katon cikin buhu. Ni ma na sha biyu, tun ɗazu nake sauraro, ban ji komai ba."

Sufeto ya kira Madam. Ta iso kan kabu-kabu, ta ƙirga kwalabe, hamsin da tara a rufe, ɗaya a buɗe. Ta yi hamdala, sannan ta juya kan dattawan.

"Iyayena, wannan ba ya ƙara wa kowa ƙarfi. Kariya ce daga sida, kuma ba a shan sa sai an yi awon jini, don in mutum na da cutar bai sani ba, zai iya ɓata masa maganin da zai riƙe jikinsa ya rayu. Awo kyauta ne, sirrinku kuma yana wurina. Wa zai fara?"

Dattawan suka kalli juna. Can wani tsoho mai sanda ya ce, "'Yata, tunda dai mun riga mun ji kunya, gara mu ji ta da riba." Dariya ta ɓarke, su huɗun suka bi ta a baya, ita ɗauke da katon a ka.

Sufeto ya sa wa Alhaji Tsoho ankwa. Suna ratsa layin 'yan tattasai, mata na leƙe, Alhaji ya matso kusa da kunnensa.

"Yallaɓai, alfarma ɗaya. In uwargidana Hajja ta zo komisariya, ka ce mata sata na yi kawai. Kada ka faɗa mata ta mece ce."