Zoɓon Tukur da Takardar Lantana

A layin karɓar magani na wani ƙaramin asibiti a Makarfi Tukur ya fara ganin Lantana. Lokacin gwamnatin soja ta ce kowa ya ɗaure ciki, asibitin ko auduga babu. Shi ya zo ne da yatsan da sarƙar babur ta datsa a garejinsu na Hunkuyi. Ita kuwa tana riƙe da yayarta Mero, wadda idanunta suka yi ɗorawa, tana cije leɓe saboda ciwon ƙashi.

Ya ba su wurinsa a layi.

"Kai fa? Jini kake zubarwa," in ji Lantana.

"Ina da saura da yawa."

Ta yi ɗan murmushi ta sunkuyar da kai. Tun daga ranar take kiransa Mai Yatsa, shi kuma duk Juma'a yana hanyar Dandamisa, ƙauyensu Lantana.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarta Inna Talatu ta sa aka kira shi. Ta ji labarin ƙanwarsa da ta rasu da amosanin jini.

"Ɗana, ba ƙinka nake yi ba. 'Ya'ya uku na binne, ga Mero kwance. Ba zan haɗa gida biyu masu wannan ciwo ba. Ashafa mai sayar da taki ya aiko neman aurenta, su danginsu lafiya lau."

Ilisha, mai gwajin jini a asibitin, shi ya ba su hanya. Ya ce masana sun gano ciwon gado ne, ba ya kama yaro sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayarsa, kuma a Zariya akwai na'urar da ke nunawa. Inna Talatu ta ce ta yarda, amma abin da takarda ta faɗa shi ke nan.

Tukur ya roƙi a ba shi wata guda. Kullum zoɓo kofi uku, da hanta in ya samu, da ganyen rama, wai jininsa ya gyaru kafin gwaji.

Da Ilisha ya ji, ya riƙe kai. "Malam Tukur, ko rijiyar zoɓo ka shanye, abin da ka gada yana nan."

Aka ɗebi jininsu aka kai Zariya. Babu wuta, ma'aikata na yajin aiki, aka yi mako uku shiru. A cikin makonnin nan Mero ta rasu. Tukur na cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Takardarsa ce ta fara fitowa. Yana ɗauke da ƙwayar. Bai tsaya jin sauran bayanin Ilisha ba, ya koma gareji ya rubuta wasiƙa:

"Lantana, hasken idona. Nawa ya fito da ciwon. Na ga fuskar Inna ranar Mero, ba zan sa ki yi irin wannan fuska ba. Ki auri Ashafa. Ki yafe mini. Mai Yatsa."

Bayan kwana huɗu, yana tsugune gaban wani babur, ya ga takalminta. Ta miƙa masa takarda.

"Ni ba ni da shi. Ilisha ya ce in ɗayanmu ne kawai ke ɗauke da ƙwayar, yara ba za su kwanta ba. Ya karanta wa Inna sau biyu." Hawaye ya zubo mata. "Kai da ka ce kana da saura da yawa, har ka miƙa ni ga mai taki?"

Ya miƙe tsaye. Ya goge baƙin mai a wandonsa kafin ya taɓa takardar.

An ɗaura auren bayan an yi arba'in ɗin Mero, ba kiɗa, ba guɗa. Da za a fita da amarya, Inna Talatu ta yafa mata mayafin Mero, ta dubi Tukur.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa 'ya'yanku su binne ku."

Duk gidan aka ce amin.