Jan Farce a Kan Noti

Ƙarfe tara na safiyar Litinin aka kira Sufeto daga jami'a. Kwamfuta goma sha biyu cikin arba'in na ɗakin koyarwa sun ƙi tashi, ga jarrabawa ranar Laraba. Da aka buɗe su, sai aka tarar an zare musu ram, ɗan siririn allon nan da in babu shi kwamfuta ta zama akwatin banza.

Shi Sufeto da yatsa biyu yake buga rahoto, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Amma ya san mutane.

Shugaban sashe ya tare shi a bakin ƙofa, gumi har wuya.

"Ranka ya daɗe, ba sai ka wahala ba. Mai gyaran ce ke riƙe da makulli. Na ma sa an buga takardar dakatar da ita."

"Ka riga malam masallaci ke nan," in ji Sufeto. "Ina take?"

Tana durƙushe bayan wani tebur, dattijuwa mai tabarau, sukundireba a hannu. Ɗalibai na kiranta Anti Noti. Shekara ashirin da biyu tana ɗakin nan. Ita ta ja kowace waya, ta liƙa wa kowace lamba. Yanzu takarda guda za ta fitar da ita da sunan ɓarauniya.

Ba ta yi rantsuwa ba, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Zo ka gani, ƙanena."

Ta haska masa bayan wata lafiyayyar kwamfuta. A kan noti ɗaya, na sama a hagu, akwai ɗigon jan farce.

"Duk wadda na gyara na rufe, nan nake ɗiga mata. In wani ya kwance, ɗigon zai tsage, in sani."

Ta ciro kwalbar daga aljihu. Ja ne mai duhu, ya kusa bushewa don tsufa.

Sufeto ya zaga bayan waɗanda aka yi wa sata. Su ma da ɗigo, sai dai jan nasu mai haske ne, sabo, kuma an shafe dukkan notuka huɗu. Ɓarawon ya taɓa ganin tana ɗigawa, amma daga nesa ya gani.

"Akwai yadda za a san lokacin da aka kashe su?"

Ta kai shi wajen babbar kwamfutar da ke lura da sauran. Ranar Juma'a ta bar su duka a kunne suna sabunta manhaja. Allon ya nuna goma sha biyun sun ɗauke ɗaya bayan ɗaya ranar Asabar, daga ƙarfe biyu zuwa uku na rana.

Ta ce ranar tana asibiti wajen mahaifiyarta, Sufeto ya buga waya ya tabbatar, sannan aka kira maigadin ginin.

"Ita na gani da idona ranar Asabar," in ji shi.

"Wane irin kaya ta sa?"

"To... irin na mata."

"Ka tabbata? Don asibiti sun ce tun safe tana gefen gadon mahaifiyarta, har magariba."

Maigadi ya sosa ƙeya. Daga ƙarshe ya amsa cewa kallon ƙwallo ya tafi, ya bar ƙofa ga Allah. Shi ya sa da aka tambaye shi tun farko, sai ya ambaci mai makulli don ya tsira.

Sakatariyar sashe ta fi shi saurin tuba. Akwai makulli na biyu a durowarta, kuma ranar Juma'a ta ara wa mataimakin malami, wai zai yi wa ɗalibai bita.

Mataimakin ya shigo yana ƙamshin turare, yana kaɗa makullin mota.

"Bitar ba ta yiwu ba, ban ma zo ba. Ni fa lissafi nake koyarwa, ban taɓa leƙa bayan kwamfuta ba. Amma Sufeto, abin ai a fili yake. Duk notukan da fentinta a kai. Wa zai kwance ya mayar in ba ita ba?"

"Wanda bai taɓa leƙa baya ba, ina ya ga fentin?"

"Ji na yi ana faɗa."

"Notuka nawa take shafawa?"

"Huɗu mana."

Sufeto ya yi murmushi, ya juya ga sajan da ya zo da shi. "Saja, raka malam zuwa motarsa."

A aljihun gaban motar aka sami kwalbar jan farce mai haske. A ƙarƙashin kujera, ram goma sha biyu a naɗe cikin safa.

Mataimakin ya dubi kayan. Ya jingina da mota ya ce wani mai shago ne ya yi masa alkawarin saye. "Na ɗauka za a ce tsufa ne ya sa ta yi sakaci, a ja mata kunne kawai."

"Tsufan nata ne ya kama ka," in ji Sufeto. Saja ya sa masa ankwa, aka wuce da shi ta gaban ɗaliban da suka yi cirko-cirko a baranda.

Shugaban sashe ya yaga takardar a gaban kowa, yana ta neman kalmar ban haƙuri. Anti Noti ba ta tsaya jiransa ba. Wajen Sufeto ta nufa.

"Ƙanena, ka wanke ni. Da uwata ta ji an kira ni ɓarauniya, da ba ta tashi daga gadon nan ba. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini." Ta gyara tabarau. "Amma kayan nan, za ku kulle su a caji ofis? Yara na da jarrabawa jibi."

Sufeto ya sa aka ɗauki hotonsu, aka rubuta lambobinsu, ta sa hannu ta karɓa. Ya kamata ya koma ofis, amma ya tsinci kansa durƙushe yana riƙe mata tocila. Kwamfutocin suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, ɗalibai na tafi daga taga suna "Mun gode, Anti!" Daɗi ya cika shi, irin wanda ya daɗe bai ji ba a aikin nan.

Da ta ɗaure notin kwamfuta ta ƙarshe, sai ta buɗe tsohuwar kwalbarta ta miƙa masa burushin.

"Shekara ashirin da biyu ban taɓa ba wani ba," ta ce. "Na sama, a hagu."

Ya karɓa ya ɗiga. Ɗigon ya fito a karkace. Ta duba, ta gyaɗa kai, ba ta goge ba.