Bayan Wa Ummi Ke Barci?

"Abban Ummi, majanyin wa na wanga?"

Riskuwa ta ɗaga shi sama. Tsohon saƙi ne mai ratsin baƙi, a ƙarƙashin kujerar motar mijinta Sirajo ta tsince shi.

"Na... na goge gilas ne."

"Gilas? Da ƙamshin hodar ɗiyata?"

Ya karɓe ya fice, ko ido bai haɗa da ita ba.

Tun da aka yi mata tiyata wajen haihuwa ɗinkin ya ƙi warkewa, likita ya hana ta goyo. Ummi kuwa rigimammiya ce, kuka take har muryarta ta dushe. Amma kwanan nan, duk la'asar Sirajo sai ya ɗauke ta wai shan iska, ya dawo da ita tana barci lis, shatin ƙulli kwance a cinyoyinta.

Wata na goya mata ɗiya!

Kuma ta san ko wace ce. Ranar da surukarta ta zo daga Argungu, a gabanta ta ce, "Uwar da ba ta goyo, a ba Mansura yarinyar ta riƙe mana." Mansura yayar Sirajo ce, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ran nan Sirajo bai ce uffan ba. Wato a ɓoye ake saba wa Ummi da bayan wata, kafin a raba su?

Washegari yana fita ta ja hijabi, ta tare Keke Napep, hannunta dafe da mara.

"Bi motar can, kada ka matsa kusa."

Suka bar tsakiyar Birnin Kebbi. Motar ta tsaya gaban kangon da Sirajo yake ginawa, wanda ko ƙofa ba a sa ba. Ta sauka, ta shirya duk maganar da za ta gaya wa Mansura.

Ta leƙa...

Sirajo ne shi kaɗai, duƙe, hularsa a ƙasa. Ya kwantar da Ummi a bayansa, ya ja zani ya soke a ƙirji bisa kaftaninsa, yana kokawa da majanyin. Ya miƙe yana jijjiga, yana yi mata waƙa da ƙatuwar muryarsa.

"Abban Ummi!"

Ya juyo a firgice, kunya ta rufe shi.

"Ina Mansura?"

"Mansura? Tana ɗakinta Argungu." Sai ya gane. "Haba, Riskuwa! Ni? Har gida na iske Inna na ce mata ɗiyarmu ba ta zuwa ko'ina. Ta ce to wa za shi goya ta? Na ce ni. Don gatse ta jeho min majanyin da ta goye ni da shi."

"Mi ya hana ka gaya min?"

"Kullum kina kuka kin kasa goya ta. In yi a gabanki in ƙara miki ciwo?"

Hawaye suka zubo mata. Ta matso, ta kwance ƙullin da ya karkace, ta tallafo ƙasan Ummi ta ɗaure daidai.

"Ka yafe min, masoyina."

"Na yafe. Amma in abokaina suka ji..."

Ta yi dariya cikin kuka, ta zagaya ta kwantar da kanta a bayan Ummi, ta rungume su duka biyun.

"Gobe a tsakar gida za ka yi. Ni zan rufe ƙofa."