Tsibirin Zenabu

A wani shagon dabino kusa da Harami Umair ya fara ganin Sundus, shekarar da jawwal, wato wayar hannu, ta cika hannun samarin Madina. Ya ji tana ciniki da Hausa, sai ya manta da fasinjan da ya bari a tasi.

"Mutanen ina ne ku, ƙanwata?"

"Tsibirin Zenabu," ta ce, tana gyara mayafi.

"Kai, ashe gida ɗaya muke."

Yaran yanzu ba su san wurin ba. Mu da muka tako daga Kano da ƙafa muka rayu, mu za a tambaya, ba masu littafi ba. Ɗan gari ne a gaɓar Sudan, ruwan gishiri ya kewaye shi, can alhazai ke jiran jirgin ruwa. Wata shekara jirgi ya cika, matuƙin ya ɗauki wani yaro ya bar uwarsa Zenabu a bakin ruwa. Ba ta tafi ba. Ta kafa rumfa tana ciyar da duk wanda jirgi ya bari, har rumfa ta zama gari, aka kira shi da sunanta.

Yaron nan shi ne Malam Abdou, mahaifin Sundus. Matuƙin kuwa kakan Umair ne.

Da magabatan Umair suka je unguwar Al-Sih neman aure, Malam Abdou na jin sunan kakan ya ajiye kofin shayi.

"Jikan wanda ya raba ni da uwata? Halas, magana ta ƙare, ku tashi."

Sundus ta rame. Ta aika wa Umair saƙo: "Habibi, Abba ba mugu ba ne. Ko kabarin innarsa bai taɓa gani ba. Ka yi haƙuri da mu."

Ya amsa: "Hasken idona, kar ki yi kuka. Bari in gwada abu ɗaya."

Ya tare tsohon bayan La'asar, ya durƙusa.

"Ya Ammi, baffana, kakana ya ƙetaro da kai. Ka bar ni in mayar da kai. Ko ba ka ba ni ita ba."

Tsohon ya ce, "Ina tsoron ruwa, yaro."

"Zan riƙe ka."

Da suka ƙetara zuwa Tsibirin Zenabu, suka tarar ruwa ya cinye rabin garin, gidaje duk kango. Wata tsohuwa ta nuna musu kabarin, an kewaye shi da duwatsu.

"Kullum da yamma tana duban gabas," in ji ta. "Tana cewa ɗanta na wurin Manzo, ba ta da damuwa."

Malam Abdou ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yaro, hannunsa cikin na Umair.

"Inna, na zo. Ga wanda ya kawo ni. Na ba shi jikarki."

Bayan Sallah aka ɗaura aure a Al-Sih. Tsohon da kansa ya kama hannun Sundus ya miƙa.

"Duk inda za ka, da ita za ka. Allah Ya yi muku albarka."

"Amin, Abba," suka ce tare.